Ga mai tambaya kan zuwa aikin sa-kai a dogon hutu

Ƙanena, ka ce kana aji uku a jami'a, ka ga tallar zuwa aikin sa-kai ƙasar waje, kana so ka ji ko abin ya cancanci wahala. Ni na yi mako shida a Tamale, arewacin Ghana, to ga abin da idona ya gani.

Cire wa ranka cewa kyauta ce. Kuɗin rajista, kuɗin mota, wani lokaci har abinci, duk daga aljihunka za su fito. Ko AIESEC, ƙungiyar ɗalibai ta duniya da take harkar nan tun 1948 kuma tana da rassa a jami'o'inmu, sai ka biya. Wanda kuwa ya ce ka turo kuɗi zai kai ka Kanada aikin sa-kai, biza da komai an gama, gudu ka yi.

Na zaɓi Ghana ne saboda ɗan ECOWAS ba ya buƙatar biza har kwana 90. Fasfo da katin allurar shawara kawai. Ta ƙasa na bi, daga Legas zuwa Seme, Kwatano, Lome, Aflao, sannan Accra. Iyaka uku, kowacce da nata jiran.

Inda na yi wauta shi ne ban tambayi takamaiman aikin da zan yi ba. Wata ƙaramar ƙungiya ce ta ɗauke mu, aka ce za mu koyar a firamare. Mun yi mako biyu ana koyarwa sai makarantar ta tafi hutu! Ashe hutunmu da nasu sun haɗu, ba wanda ya faɗa mana. Kwana huɗu muna zaune muna kallon juna. Allah ya taimake ni da wani dattijo a masallacin Zango, unguwar Hausawa da baƙi, da ya ji Hausata ya ja ni Islamiyyarsu, na koma koya wa yara lissafi da yamma. Nan na fi jin daɗi. Yaran gida Dagbanci suke yi, amma a Zango da kasuwa Hausa ta ishe ka, ga koko da ƙosai da safe kamar kana Fagge. Har tuwonsu ma tuwon zafi suke ce masa.

Gaskiya ban ce na canza rayuwar kowa ba. Mako shida, kafin ka haddace sunayen yara lokaci ya yi. Su suka fi koya mini.

Don haka kafin ka biya ko kwabo, a rubuto maka sunan wurin aikin, ranakun da yake buɗe, inda za ka kwana, da lambar wani da ya taɓa zuwa, ka kira shi da kanka. Sannan ka duba kalandar makarantarku. Bayan yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, jami'o'i da dama sun datse hutu, kada a sa jarrabawa kana Aflao. Su Baba kuma ka fara sanar da su tun yanzu, ba sai ka yanki tikiti ba.