Amsar Yaya ga ƙanenmu da kunya ta hana shi komawa sujada

(Wannan ita ce muryar da Yaya ya turo daren jiya a zauren tsofaffin 'yan zumuntar matasa. Na rubuta ta saboda waɗanda data ba ta ishe su su saurara ba.)

Salama 'yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ku yi haƙuri da ƙarar janareta, a shago nake, yanzu na sallami yara.

Ƙanena, na ga abin da ka rubuto tun da rana. Ka ce shekara 6 rabonka da majami'a, ka shiga shaye-shaye, yanzu zuciyarka tana son dawowa amma kunya ta hana ka, kana so ka gyara kanka tukuna kafin ka nuna fuska. Na ga mutane sun jera maka ayoyi, Allah ya sa musu albarka. Ni hannuna ba ya saurin rubutu, kuma maganar nan ba ta rubutu ba ce, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Da yawa a nan kun san ni ina buga ganga a ƙungiyar mawaƙa, sai kuma kuka daina ganina. Kaɗan ne suka san dalili. To yau zan faɗa.

Ni da ƙwaya a kan keken ɗinki muka haɗu. Duk tela ya san watan Disamba: ankon zumuntar mata, kayan Kirsimeti na yara, kayan biki, kowa yana so kafin ranar 24. Wani abokin sana'a ya ba ni tramadol ya ce zan kwana ina ɗinki ban ji baya ba. Haka kuwa aka yi. A lokacin ina zuwa sujada, ina ba da baiko, ban ma ɗauke shi zunubi ba, maganin gajiya na ɗauke shi. Sai 'yata ta fari ta kwanta. Kwana 9 muna asibiti, ikilisiya ta yi azumi, ni ma na yi, na yi wa Allah alkawura iri-iri. Ranar ta goma muka dawo da ita a naɗe cikin zanen uwarta. Daga ranar ƙwayar ta tashi daga maganin baya ta koma maganin zuciya. Na ƙara da kodin. Na daina buga ganga, don in na ɗaga hannu sai in ji kamar ina yi wa wanda ya ƙi jina kirari. Ban taɓa cewa babu Allah ba, ka gane. Fushi nake yi da shi, irin fushin ɗa da uba, wanda za ku zauna gida ɗaya ba gaisuwa.

A 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton nan na BBC da ya nuna yadda matasa suke shansa. Na ce shi ke nan, Allah ya raba ni da shi. Ina! Tsada kawai ya yi. A nan ne na fara taɓa kayan mutane. Mace ta kawo atamfa turmi guda, in sayar, in ce mata ɓarayi sun shiga shago. Matata ta kwashe yaran ta koma gidan iyayenta, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu ga maganar da nake so ka riƙe, ƙanena. Ni ma na yi wannan lissafin naka. In na daina na wata uku zan koma. In na biya bashi zan koma. In na ɗan yi jiki, idona ya washe, zan koma. Shekara huɗu ina wannan lissafi, ban daina ba, ban koma ba. Mara lafiya ba ya jira ya warke kafin ya je asibiti, amma mu haka Shaiɗan yake ruɗinmu, ya ce wanka tukuna, alhali ruwan yana can cikin gidan da muke gudu.

Ka buɗe Luka sura 15 ka karanta labarin ƙaramin ɗan nan da kyau, a hankali. Yaron bai dawo don ya zama mutumin kirki ba, yunwa ce ta koro shi, har abincin aladu yake sha'awa. A hanya ya shirya jawabinsa tsaf: zai ce ya yi zunubi, bai isa a kira shi ɗa ba, a mai da shi kamar ɗaya daga cikin 'yan ƙodago. Amma duba wurin da ya iso. Tun yana nesa uban ya hango shi ya sheƙo a guje. Dattijo mai gona da barori, yana gudu a kan hanya, a gaban mutanen gari! Yaron ya fara jawabin, bai kai ga maganar ƙodago ba uban ya riga ya aika a kawo riga da zobe da takalma. Da warin aladun a jikinsa aka rungume shi. Na karanta wurin nan tun ina makarantar Lahadi, amma sai da na zama shi kafin na lura ba a ce ya biya rafi ya yi wanka ba.

Ni wanda ya sheƙo mini a guje wani dattijon ikilisiyarmu ne, tsohon malamin firamare, yanzu ya huta. Kowace Alhamis da la'asar sai ya zo shagona da wani abu a leda. Yau wando ya yage a gwiwa, mako mai zuwa maɓallin riga, wani makon aljihu. Ya zauna a kan bencin nan na bakin ƙofa, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ina ɗinki yana ba ni labarin gonarsa. Bai taɓa ce mini me ya sa ba ka zuwa sujada ba. In zai tafi sai ya biya ni, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ina yi maka addu'a." Shi ke nan. Wata rana na juya wandon da ya kawo, na ga ba yagewa ya yi ba, da reza aka bi ɗinkin aka warware shi, zare ɗaya-ɗaya. Baba da hannunsa yake farke kayansa don ya sami dalilin zuwa wurina. Na kifa kaina a kan keken na yi kukan da ban yi ba ko ranar da muka binne yarinyar.

Bari in tsaya nan, zan ci gaba a murya ta biyu.

Yauwa. Wata magana mai muhimmanci, kuma ina roƙon iyayenmu da ke zauren nan kada su ji ta wani iri. Addu'a gaskiya ce, amma ƙwaya tana da nata aikin a jiki. Tramadol in ya yi yawa yana kawo farfaɗiya, ni sau biyu yana kayar da ni, na biyun a kan keken nan, ga tabon a goshina. Kuma in jiki ya saba, ka yanke rana ɗaya, za ka ga zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, ba barci, zuciya ta yi baƙi ƙirin. Mutum sai ya ɗauka aljanu ne ko Allah ya yashe shi, alhali jiki ne yake neman abin da ya saba. Baba ne ya raka ni asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, nan Kaduna. Na ce masa ni ba mahaukaci ba ne. Ya ce ya sani, mu je dai. Likita ya duba ni, aka bi da ni a hankali. Don Allah ƙanena, kada wani ya ce maka ganin likita rashin bangaskiya ne. Ka tuna annabi Iliya a 1 Sarakuna 19, da ya gudu jeji ya zauna ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya sake barci, ya sake tashinsa ya ci. Sai daga baya, a Horeb, Allah ya yi magana da shi.

Komawa majami'a kuma, ban fara da Lahadi ba, ba zan iya idon mutane ba. Da addu'ar asuba na fara. Ƙarfe biyar da rabi, duhu-duhu, mutum bai fi goma ba, yawanci tsofaffin mata da tocila da Littafin Waƙoƙi wanda bangonsa ya cire. Ranar da na iya shiga ciki, na zauna a bencin baya. Wata mama ta waigo ta gan ni, ba ta ce uffan ba, ta miƙo mini littafinta a buɗe a kan waƙar da ake yi, ita ta ci gaba da ka. Wata biyu ina haka kafin na je wurin Fasto.

Ba zan ɓoye maka ba, an sa ni ƙarƙashin horo. Dattawa suka zauna, na faɗi abin da na yi, har da kayan mutane. Wata 6 ban ci Jibin Ubangiji ba, ban taɓa ganga ba. Akwai zafi. Akwai wanda ya ja jakarsa kusa da shi da na zauna gefensa, na gani da idona. Za ka gamu da irinsu, gara ka sani tun yanzu. A labarin Luka ma akwai babban wa wanda ya tsaya a waje ya ƙi shiga, kuma uban ya fita ya lallashe shi shi ma. Amma mu 'yan'uwa da ke cikin zauren nan, ina so mu karanta 2 Korantiyawa sura 2. Bulus da kansa ya ce mutumin da aka hora, horon ya isa haka, a gafarta masa a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Mun iya horo ƙwarai. Ta'aziyyar ce muke mantawa, kuma mutane nawa muka rasa a daidai wannan wurin, sun tuba sun dawo, ba wanda ya matsa musu a benci.

Abin da ya fi horon wuya shi ne biyan kayan mutane. Na rubuta sunaye a bayan littafin awo, mata 11. Na bi su gida-gida. Ɗaya Musulma ce, maƙwabciyarmu, Hajiya. Na ce mata ba ɓarayi ba ne, ni ne. Ta daɗe tana kallona, ta ce ta sani tun ranar, ta yafe, Allah ya shirye mu baki ɗaya. Duk da haka na kai mata atamfarta bayan wata huɗu. Shekara biyu na yi kafin na soke suna na ƙarshe. Matata kuwa sai da ta ga an soke rabin sunayen kafin ta yarda ta dawo, kuma tana da gaskiya.

Ka kuma tambaya yaya za ka yi da addu'a, ka ce in ka durƙusa ba ka jin komai. Ni ma haka, kusan shekara. Da can ina tsammani rayuwar ruhaniya ita ce tsigar jiki ta tashi, hawaye su zubo. Yanzu abin da na sani shi ne in tashi, in buɗe Littafi, in karanta ko ina ji ko ba na ji. Na mahaifiyata nake karantawa, tsohuwar fassarar nan ta 1932, aikin su Dokta Miller na Wusasa, Hausarta da nauyi amma da ita aka rene ni. Zabura ce ta riƙe ni. Kowa zai ce maka Zabura 51, ta Dawuda bayan annabi Natan ya fuskance shi, kuma ka karanta ta. Amma ni Zabura 88 ce ta buɗe mini baki. Mutumin yana kuka daga farko har ƙarshe, yana tambayar Allah don me ya ɓoye masa fuska, kuma a cikin duhu ta ƙare, babu halleluya. Na ce ashe irin wannan ma addu'a ce, har aka sa ta a Littafi. A ranar na fara gaya wa Allah maganar 'yata, yadda take a cikina, ba kwaskwarima. Har yau bai ba ni amsar don me ba. Amma mun koma magana.

Na sake faɗawa shan ƙwayar sau ɗaya bayan na dawo, a Disambar farko, aiki ya yi yawa. Washegari na kira Baba tun kafin in wanke fuska. Ya zo ya karanta mini Yohanna 21. Ya nuna mini cewa a bakin wutar gawayi Bitrus ya yi musun Yesu sau uku, a farfajiyar babban firist, kuma a bakin wutar gawayi Yesu ya sake tarbarsa a gaɓar teku, da kifi da gurasa. Sai da suka ci suka ƙoshi tukuna ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya kuma mayar masa da aikinsa. Tun daga lokacin na rage karɓar ɗinkin Disamba. Ranar 10 ga wata nake rufe littafi, ko nawa za a ba ni. Kuɗin ya ragu, gaskiya, amma ƙarfe goma ina gida.

To ƙanena, ga abin da za mu yi. Kada ka amsa a cikin zaure in ba ka so, ka neme ni ta gefe. Lambar mai kawo maka kayan nan, ka goge ta yau da dare, kafin ka kwanta. Jibi Alhamis ina da zuwa Barnawa, zan biyo ta unguwarku da babur mu tafi tare. Asabar kuma ƙarfe biyar da kwata zan tsaya a bakin titinku, mu je addu'ar asuba. Ka sa duk rigar da kake da ita. In ka ga ba za ka iya shiga ba, mu zauna a waje kan dakali mu ji waƙar daga nan, ni ma haka na yi ranar farko.

Mama, na san kina cikin zauren nan kina ji. A ci gaba da yi mana addu'a. Sai da safenku.