Magazin ɗin fistol ɗina ba ya zama idan na cika shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni jami'in tsaro ne, an ba ni fistol Beretta 92FS da magazin (gidan harsashi) biyu. Ɗaya lafiya lau. Ɗayan kuwa idan na cika shi da harsashi 15 ba ya kamawa sai na doke shi da tafin hannu sau biyu ko uku, kuma makon jiya ya zame ya faɗi ƙasa ina fitowa daga mota a bakin aiki. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Kullum da dare ina gwada shi a ɗaki, in sa in cire, in ja silaid (ƙarfen saman bindiga da ake ja baya) in saki, amma ba na taɓa kunama sai na cire magazin, saboda haka babu haɗari. Wani abokin aikina ya ce in kai wa mai walda ya ɗan goge tsagar jikin magazin ɗin, wani kuma ya ce zai samo min wani, wai duk magazin ɗin 9mm ɗaya ne. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kana da gaskiyar damuwa. Magazin da ya faɗo sau ɗaya kada ka sake fita da shi aiki har sai an san dalili.

Gano dalilin ba ya cin minti goma a ma'ajiyar makamai. A sa magazin ɗin babu harsashi ko ɗaya, a ji ko ya yi ƙas, sannan a ja shi ƙasa da ƙarfi. In ya fito, tsagar da ƙugiya ke kamawa ta cinye, ko jikin magazin ya lanƙwasa. In ya zauna, a cika shi da harsashin gwaji marar albarushi, a kulle silaid a baya a sa shi, sannan a sake sawa silaid na rufe. Wanda ke zama silaid na buɗe amma ya ƙi idan yana rufe, harsashin sama ne ke tokare da ƙasan silaid, sifirin ɗin da ke turo harsashi sama kuma ba shi da sauran wurin matsewa. Sabon sifirin yakan yi haka, datti a gindin magazin ma yakan yi, kuma da an rage harsashi ɗaya za ka ga ya shige salin alin. Tunda ɗayan magazin ɗinka yana zama daram, na fi zargin magazin fiye da bindigar. A duba leɓɓansa na sama: faɗuwa ɗaya a kan kwalta ta isa ta buɗe su.

Maganar cewa duk 9mm ɗaya ne, wanda ya faɗa maka bai taɓa zama a teburin gyara ba. Harsashin Makarov, fistol ɗin Rasha, 9x18 ne, naka 9x19. Ko a cikin gidan Beretta, tsohuwar 92S maɓallinta na sakin magazin yana can ƙasan mariƙi, tsagarta ma a ƙasa take, don haka tsohon magazin ɗinta zai shiga taka amma babu abin da zai kama shi. Taurus PT92 ta Birazil kamar an tsaga kara take da taka, amma tsagar magazin ɗinsu ta bambanta. Shiga daban, zama daban.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka, don ba magazin ba ne. Ka ce ba ka taɓa kunama sai ka cire magazin, saboda haka babu haɗari. Wallahi wannan jimla ta fi magazin ɗinka haɗari sau dubu, kuma kusan kullum sai na ji ta daga bakin mutanen da suka shekara goma da bindiga a ƙugu.

Dubi abin da kake yi da hannunka. Ka sa magazin cike, ka ja silaid, ka saki. A wannan sakin harsashi ɗaya ya bar magazin ya shige cemba, wato gindin bututun bindiga inda harsashi ke zama kafin ya tashi. Ka danna maɓalli, magazin ya faɗo a tafinka, zuciyarka ta ce bindiga ta zama fanko. Harsashin nan kuwa yana zaune a wurinsa, babu ruwansa da inda magazin ya tafi. Beretta 92FS tana tashi babu magazin. Glock ma tana tashi. Waɗanda suka fara da Browning Hi-Power su ne suka fi yaɗa wannan ruɗu, domin ita an yi mata wani makulli da ke hana kunama aiki idan magazin ba ya ciki, sai suka ɗauka kowace fistol haka take. Ko a ita ɗin ban yarda mutum ya jingina ran wani a kan wannan makulli ba, don akwai waɗanda aka cire musu shi tun kafin su zo hannunka.

Wata safiya wani yaro ya zo mayar da bindiga ma'ajiyar makamai inda nake aiki, ya miƙo min ita ta taga, magazin a hannunsa na hagu, yana cewa "Oga, babu komai a ciki." Bakinta yana kallon cikina. Na kawar da shi gefe, na ja silaid, sai ga harsashi ya yi tsalle ya faɗo kan teburi, yana gangarawa har ya tsaya a jikin littafin sa hannu. Yaron ya tsaya yana kallonsa, gumi na zubo masa. Ba ƙarya ya yi min ba, har cikin ransa ya yarda babu komai. Kai kuma a ɗaki kake yin naka, da dare, a gajiye. Wa ke kwance a bayan wannan bango? Ƙofar katako ko labule ba sa tare 9mm. In ta tashi, rahoto zai ce kuskure ne, amma uwar da aka kai wa gawa ba rahoto za ta karanta ba.

Tsarin fitar da harsashi daga bindiga guda ɗaya ne, kuma ba a juya shi. Baki ya kalli inda babu kowa, yatsa a wajen kunama. Magazin ya fara fita. Sannan a ja silaid a kulle shi a baya, a leƙa cemba da ido, a taɓa da ɗan yatsa. Wanda ya fara jan silaid kafin ya cire magazin, ya fitar da harsashi ɗaya ne ya ɗora wani. Jan fentin da ke leƙowa a gefen silaid ɗin Beretta idan akwai harsashi taimako ne kawai, yakan goge, kuma ba a ganinsa a duhu. Gwaji da harsashi mai rai kuwa wurinsa filin harbi. Daga yau ka daina shi a gida.

Mai walda kuma, don Allah a bar shi da ƙofofi da tagogi. Tsagar nan da kaɗan ake auna ta. Ya sa magagari ya faɗaɗa ta, magazin zai zauna ƙasa da inda ya kamata, silaid ya wuce bai ɗauki harsashi ba, ko ya ɗauke shi a karkace ya cije. Haka masu matse leɓɓa da filaya: yau ya yi, gobe ƙarfen ya koma ko ya tsage. Wanda ya ce zai samo maka a gefe shi ma ka ba shi haƙuri. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da ba a riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa, kayan da ke yawo a bayan fage kuwa ba ka san daga hannun wa suka fito ba.

Ka rubuta a takarda cewa magazin ya lalace, ka mayar, ka riƙe kwafi. Na san za a iya ce maka babu a sito, ka dawo wata mai zuwa, kuma abin yana ƙona min rai, a ce ƙaramin abu irin wannan sai ya bi tebur biyar. Ka nace. Abin da za ka nema shi ne na Beretta kansa, ko na Mec-Gar, kamfanin Italiya da ke ƙera wa manyan masana'antun bindiga magazin, kuma a ga an buga samfuri da girman harsashi a jikinsa. Ka sa yatsa ka shafa cikinsa. Sojojin Amurka, da suka karɓi wannan bindiga a 1985 da sunan M9, sun sha wuya a Iraƙi da wasu magazin na kwangila masu shafe mai kaushi da ke riƙe yashi. Ƙurar hunturunmu ma haka za ta yi, shi ya sa ba a zuba mai a cikin magazin, busasshen tsumma ya isa. Idan sabon ya zo, ka rubuta masa lamba a gindi, ka tabbatar yana kulle silaid bayan harsashin ƙarshe kuma yana faɗowa da kansa in ka danna maɓalli, sannan ka cika shi ka harbe a filin harbi sau biyu ko uku kafin ya shiga ƙugunka.