Ku Tambayi Likita: Masu danna baya ya yi ƙara, gyara suke yi ko ɓarna?

Wasiƙun da suka taru a wannan makon yawancinsu a kan ciwon baya ne, musamman aikin nan na kairofraktik da ake yawan gani a bidiyon waya, inda ake kwantar da mutum a danna masa baya ya yi ƙas. Mun zaɓo guda biyar daga Katsina da kewaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Ƙofar Ƙaura, shekarata 41. Kusan wata biyu ke nan kwankwasona na riƙewa, in na daɗe a kan keke sai na dafa gwiwa kafin in miƙe. Ƙanena da ke Abuja ya ce in zo shi kai ni wurin likitan kairofraktik, wai yana danna bayan ƙashin da ya goce ya koma wurinshi. Mene ne gaskiyar abin, kuma ina bambancinshi da ɗori?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Sai ka san yadda bayan yake kafin ka gane abin da ake dannawa. Gadon baya ƙasusuwa ne 33 a jere: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a kwankwaso, sauran 9 na can ƙasa sun manne da juna. Guda 24 ke nan ke motsi. Tsakanin kusan kowane ƙashi da na ƙasansa akwai faifan guringuntsi mai aikin gammo, shi ke rage wa ƙashi raɗaɗin nauyi. Ta baya kuma akwai ƙananan gaɓoɓi, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace cikin 'yar jaka mai ruwa mai yauƙi. Laka tana bi ta ramin tsakiya, jijiyoyi 31 na fita ta kowane ɓari suna watsuwa cikin jiki.

Waɗannan ƙananan gaɓoɓin su ne abin harin mai kairofraktik. Idan kwankwaso ne, zai kwantar da kai a gefe, ya lanƙwashe gwiwarka ta sama, ya dafe kafaɗarka da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan ƙugu. Sai ya juya ka a hankali har gaɓar ta kai iyakar inda take zuwa da kanta, sannan ya ƙara mata ɗan turi gajere mai sauri, wanda bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Gwaninta tana cikin saurin da gajartar. Wanda ya sa ƙarfi da nisa, shi ne mai ji wa mutane ciwo.

Ƙarar da ake ji ba ta ƙashi ba ce. Lokacin da fuskokin gaɓar biyu suka ɗan rabu, matsin ruwan da ke ciki yana faɗuwa, sai kumfar iska ta fito, ita ce ke cewa ƙas. Abin da ke faruwa ke nan in ka ja yatsarka, shi ya sa ma ba ta sake yin ƙara sai bayan kamar minti 20. Ƙashin bayanka bai goce ba balle a mayar da shi. Ƙashin baya da ya goce da gaske, irin na haɗarin mota ko faɗowa daga bishiya, mai shi ba ya iya zama kan keken ɗinki, kuma aikin likitan tiyata ne. Abin da dannawar ke yi shi ne ta sassauta naman da ya ɗaure, ta rage saƙon zafi da jijiyoyi ke aikawa, gaɓar ta ɗan saki. Sauƙi ne na gaske, amma na ɗan lokaci ne.

Sana'ar ta samo asali ne a garin Dabenfot na jihar Ayowa a Amurka, a 1895, a hannun wani mai suna D. D. Palmer, wanda ba likitan asibiti ba ne. Ya yi iƙirarin ya danna bayan wani ma'aikaci mai matsalar ji, jinsa ya dawo, daga nan ya gina ra'ayin cewa yawancin cututtuka daga karkacewar ƙashin baya suke, mai danne jijiya. Bincike bai tabbatar da wannan ba. Hukumar da ke kula da masu sana'ar a Birtaniya da kanta ta faɗa a 2010 cewa babu hujjar da ke nuna wannan karkacewa tana haddasa cuta. Inda aikin ya tsaya da ƙafarsa shi ne ciwon kwankwaso na yau da kullum irin naka, kuma ko a nan amfaninsa bai ɗara na motsa jiki da gashin ƙashi ba. Ƙa'idar likitocin Ingila ta 2016 ta yarda a yi shi ne kawai idan an haɗa da motsa jiki.

Ɗori kuwa daban ne. Mai ɗori karaya da targaɗe yake kamawa, mai kairofraktik kuwa an hana shi taɓa ƙashin da ya karye.

In za ka je, ga ma'aunin gane na kirki. Zai zauna ya tambaye ka tarihin ciwon da magungunan da kake sha, ya gwada ƙarfin ƙafafunka, ya buga gwiwa da agara da 'yar guduma, ya ɗaga ƙafarka a miƙe kana kwance, duk kafin ya danna ko'ina. Ka nemi ganin lasisinsa na hukumar MRTB, ita ke yi musu rajista a Najeriya tare da likitocin gashin ƙashi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2005 ta ce horon ya kai awa 4,200 cikin shekara huɗu, don haka mai takardar kwas na sati shida ba ya cikin lissafi. Ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ba abin damuwa ba ne. Zuwa sau huɗu zuwa shida ya isa a ga canji, in babu a daina.

A ganinmu ma kuɗin motar Abuja bai taso ba tukuna. Sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Asibitin Janar Amadi Rimi a nan Katsina zai iya duba ka. Kuma kujerarka ce babbar mai laifi: ka sa ɗan matashi a kwankwaso, ka daidaita tsayinta yadda ƙugu zai ɗan fi gwiwa tudu, ka miƙe ka taka kowane rabin awa.

TAMBAYA: Mai askina in ya gama yakan kama kaina ya murɗa wuyan dama da hagu ya yi ƙara. Ina jin daɗin abin ƙwarai. Akwai illa? (Ɗalibi, Dutsin-Ma)

AMSA: Akwai, ɗan samari, ka hana shi daga yau. Ƙasusuwan wuya suna da ƙananan huji a gefe, jijiyoyin jini biyu masu kai jini bayan ƙwaƙwalwa ta ciki suke bi, kuma a daidai ƙashi na farko suna yin kwana mai tsanani kafin su shiga ƙoƙon kai. Kusan rabin waiwayen wuya a tsakanin ƙashi na farko da na biyu yake faruwa. Murɗa ta ba-zata na iya yage fatar cikin jijiyar, jini ya daskare a wurin, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma matasa masu lafiya yake samu, kuma an gan shi har a hannun ƙwararru. Wani lokaci ma jijiyar ta riga ta tsage, ita ce ke sa ciwon wuyan da ya kai mutum neman a murɗa masa.

Duk wanda aka taɓa wa wuya ya ji matsanancin ciwon ƙeya, jiri, ganin abu biyu-biyu, harɗewar harshe ko tangaɗi, ko da bayan kwana biyu ne, asibiti za a nufa a lokacin. Wuyan da ya sage ruwan ɗumi yake so da juyawa a hankali da kanka.

TAMBAYA: Mahaifiyata tana da shekara 67. Wata huɗu tana fama da tsakiyar baya, ya fi tsanani da dare, tana gumi, ta rame. Jikokinta kan taka mata bayan, yanzu kuma an ba mu shawarar mai dannawa. Mu kai ta? (Wata 'yar'uwa, Daura)

AMSA: A'a Hajiya, kada ku kai ta, kuma yaran su daina takawa. Ciwon baya na gajiya yana lafawa in an kwanta. Wanda ke tada mutum cikin dare, ga rama ga gumi, yana nuna wani abu na cin ƙashin. A ƙasarmu abin da ake fara zargi shi ne tarin fuka na ƙashin baya, kuma yana zuwa ko babu tari. Ƙwayar cutar tana cinye gaban ƙashin, galibi a ƙasan ƙirji zuwa saman kwankwaso, har ya rufta, ƙusumbi ya fito, laka ta matse, ƙafafu su mutu. Turi ɗaya a kan irin wannan ƙashi na iya ƙarasa abin da cutar ta fara.

Akwai wasu abubuwan da likita zai duba: zaizayar ƙashi da ke samun mata bayan ɗaukewar al'ada, ciwon daji da ya taso daga mama (ga maza kuma daga furosteti, wani ƙullutu da ke ƙasan mafitsara), da cutar da ake ɗauka daga nonon da ba a dafa ba. Ku kai Inna asibiti cikin makon nan, ku gaya wa likita maganar ramar da gumin, don a yi hoton ƙashi da gwajin jini. In tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, sai dai na ƙashin baya yakan kai wata 12, kuma ba a yanke shi don an ji sauƙi. Idan ƙafarta ta fara nauyi kafin nan, kada a jira ranar ganin likita.

Waɗanda su ma ba a danna musu baya: mai sikila, mai shan maganin tsinka jini, wanda ya daɗe yana shan firedinisolon ko deksa, da wanda ya faɗi daga babur ba a yi masa hoto ba.

TAMBAYA: Ni ɗan dako ne a kasuwar Charanci. Na ɗaga buhun masara sai na ji wani abu ya tsarga daga ɗuwawu har ɗan yatsan ƙafa kamar lantarki. Sati uku ke nan. Dannawa za ta mayar da shi? (Magidanci, Charanci)

AMSA: Sannu Malam. Alamun sun yi kama da faifan guringuntsi da ya tsage, cikinsa mai taushi ya bulluƙo ya taɓa jijiyar ƙafa. Yawanci faifai biyu na ƙarshe a kwankwaso ne ke yin haka, domin su ke ɗaukar mafi yawan nauyi, kuma duƙawa da juyawa a lokaci guda da buhu mai kilo 100 shi ne babban sanadi. Babu hannun da ke tura faifai ya koma ciki, yana da nisa ƙarƙashin nama da ƙashi. Abin farin ciki, jiki da kansa yana tsotse abin da ya fito, mafi yawan mutane suna samun sauƙi cikin sati 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba.

Kada ka kwanta fiye da kwana biyu, kwanciya tana ƙara sandarar da baya. Ka riƙa tafiya a ƙasa mai laushi minti 10 sau uku a rana, kana ƙarawa har ta kai rabin awa. Ka gasa wurin da tsumma mai ɗumi minti 15 zuwa 20. Ka kwanta rub da ciki ka tokare da gwiwar hannu, ƙugu na ƙasa, ka ƙirga 30, ka maimaita sau biyar. Ga yadda za ka gane ko yana maka amfani: in zafin yana barin ƙafa yana tattaruwa a kwankwaso, ci gaba, in yana ƙara gangarowa ƙasa, ka bari. Sallah kuwa ka yi a zaune in ruku'u na tsananta ciwon. Maganin kashe zafi irin su ibufurofen da dikulofenak a sha bayan cin abinci, na 'yan kwanaki, ba a haɗa biyun, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya nisance su.

Abu uku ba sa jira: fitsari ya ƙi fita ko ya zubo ba ka sani ba, ka daina jin taɓin ruwa in kana tsarki, ko tafin ƙafa ya riƙa ja da ƙasa silifas na suɓucewa. Biyun farko na nufin jijiyoyin ƙarshen laka sun matse, ana son a yi aiki cikin kwana ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba lahanin na iya zama na dindindin. A irin wannan hali sai babban asibiti, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

In ka koma aiki, ka durƙusa da gwiwa, ka rungumo buhun jikinka, ka juya da ƙafafu maimakon ƙugu, kuma cikakken buhu na mutum biyu ne.

TAMBAYA: Na ga wani a Facebook yana cewa gyaran baya na maganin hawan jini, asma da kukan jarirai, in aka biya kuɗin zuwa 30 a dunƙule. Gaskiya ne? (Uwargida, Ƙofar Marusa)

AMSA: Ba gaskiya ba ne Hajiya. Tsohon ra'ayin Palmer ne ake sake tallatawa. Mai hawan jini da ya ajiye ƙwayarsa saboda an danna masa baya yana wasa da ransa, haka mai asma da ya jefar da abin shaƙarsa. Jariri kuwa yawancin gadon bayansa guringuntsi ne da bai gama zama ƙashi ba, wuyansa bai ko iya riƙe kansa ba, don haka kada ki bari kowa ya danna shi. In kuka ya yi yawa a auna zafin jikinsa, a duba cikinsa da kunnensa da yadda yake kama nono a asibitin yara. Batun biyan kuɗin zuwa 30 kuma, babu wanda zai iya sanin adadin zuwan da kike buƙata tun bai ga yadda jikinki ya karɓi na farko ba. Ki riƙa biya ɗaya bayan ɗaya, a sake auna ki bayan sati biyu.