Tankin Babur Ya Lotsa: A Cike Da Fila Ko A Fara Ɗago Ƙarfen?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, ina da Boxer da nake kai kaya kasuwa. Ranar Lahadi a hanyar Gujungu yashi ya kwashe ni da buhun riɗi a baya. Alhamdu lillahi ban ji ciwo ba, amma tankin ya lotsa wuri biyu: ɗaya a gefe daidai gwiwa, faɗinsa kamar tafin hannun yaro, ɗayan ƙarami a gaba inda hannun babur ya doke shi har fenti ya ɓare. Ba ya yoyo. Ina so in sake masa fenti. Mai fenti ya ce zai cike da fila kawai, wato kwaɓin da ake shafawa a rufe ramin ƙarfe, abokina ya ce a hura masa iska da injin mai faci, mai walda kuma ya ce zai liƙa ƙusa ya jawo. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da arziki Malam, Allah ya kiyaye gaba.

Bari in fara da shawarar abokinka, don ita ce za ta fi saurin raba ka da tankin. Kada ka yarda a sa masa iskar mai faci. Iska ba ta san inda ya lotsa ba, ko'ina take turawa, kuma wurin da ya fi rauni shi zai fara saki. A tankin babur, wurin nan shi ne kwarin ƙasa da ke zama a kan ƙarfen jikin babur. Sai kwarin ya buɗe, tanki ya ƙi komawa mazauninsa, ko ɗinkin waldar gefe ya tsage, ga lotsawar nan daram.

Hanyar mai walda kuwa tana aiki, mu ma muna bin ta idan babu yadda za a yi. Amma ka riƙe wannan da kyau: tankin da aka juye wa mai ya fi cikakke haɗari. Abin da ke fashewa shi ne tururin fetur idan ya gauraya da iska, kuma kaɗan ya isa, ko kashi 2 cikin 100 na iskar cikin tankin. Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka buɗe murfi ba ya korar sa, kwanciya yake yi a lunguna. Da idona na gani a wata rumfar walda: yaro ya juye tanki, ya shanya shi a rana tun hantsi, ya shinshina ya ce ba wari. Wuta na taɓa shi sai muka ji ƙara kamar bindiga, tankin ya kumbura ya zama tulu. Allah ya rufa asiri idon yaron ya tsira, amma girarsa da gashin goshinsa duk sun babbake. Idan har dole sai an sa wuta, a cire murfi da makunnin mai, a wanke ciki da ruwan zafi da garin sabulu sau uku ko huɗu ana girgizawa, sannan a cika shi da ruwa har kusa da wurin aikin, baki a buɗe. Kuma ko an tsira, wurin da wuta ta ƙona shi ke fara tsatsa daga ciki, garin tsatsar kuma kafireta yake nufa.

Irin lotsawar da ka faɗa ba ta kai a kunna wuta ba. Babbar ta gefen gwiwa, duk da ita ta fi tayar maka da hankali, ita ta fi sauƙi, tunda ba ta da kaifi. A sauke tankin a wanke shi kamar yadda na ce, domin ƙarfe kan ƙarfe ma yana ba da tartsatsi. A samo rodi mai kaurin ɗan yatsa, tsawon kamu ɗaya da rabi, a lanƙwasa shi yadda zai shiga ta bakin tanki ya kai wurin. A goge kansa ya zama mulmulalle, a naɗe da roba. Bakin tankin ma a naɗa masa tsumma, kada rodin ya murɗe shi murfi ya daina zama.

Daga gefe ake farawa, ana zagayawa kaɗan-kaɗan zuwa tsakiya, domin a gefen ne ƙarfen ya ɗaure. Wanda ya fara tura tsakiya da ƙarfi, ƙuraje zai fito wa tankin da su. A ajiye shi inda haske ke zuwa ta gefe, ana kallon yadda hasken yake karyewa a jikin fenti: duk inda kan rodi ya taɓa, za ka ga ɗan tudu yana motsi kamar ɓera a ƙarƙashin tabarma. Idan akwai tudun da ya taso kewaye da ramin, a riƙa ɗan ƙwanƙwasa shi da gudumar katako ana turawa daga ciki. Sau da yawa ana cikin haka za ka ji ɓas, rabin lotsawar ta dawo da kanta.

Ƙaramar ta gaba ita ce mai taurin kai. Inda abu mai kaifi ya doka, ƙarfen ya riga ya miƙe, ba zai koma yadda kamfani ya yi shi ba. A ɗago shi iya yadda ya samu, a bar shi ɗan ƙasa da sauran jikin. Gara ƙasa da sama, don fila tana rufe rami amma ba ta ɓoye tudu.

To, mai fentinka bai yi ƙarya ba, fila za ta shiga aikin. Inda na saɓa da shi shi ne kauri. Ni ba na son ta wuce milimita 3, kamar kaurin tsinken ashana. Idan aka lafta ta a ramin da ba a ɗago ba, ranar farko za ka ga kyau. Amma babur kullum cikin jijjiga yake, rana tana gasa tankin, dare yana sanyaya shi, ƙarfe da fila kuma ba tare suke miƙewa ba. Sai ta tsage, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta kama ƙasanta, wata rana ta ɓamɓare gaba ɗaya. Shi ya sa idan zan duba babur na hannu nake tafiya da mayen ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa a tanki, fila ce aka jibga.

A goge wurin da sanfefa lamba 80 har farin ƙarfe ya fito, a wuce gefen ramin da faɗin yatsa biyu, a share da tina, kada a ƙara taɓawa da hannu. Hadna, wato sinadarin da ke sa ta daskare, kamar kashi 2 cikin 100 na filar ake sawa, a kwaɓa a kan faranti mai tsabta, ba kwali ba. A zafinmu minti 3 zuwa 5 ta fara daskarewa, don haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa. Bayan kamar rabin awa a goge da 80, sannan 180, a naɗa sanfefar a jikin ɗan katako, domin yatsu suna barin kwari. A bushe ake goge fila, tana shan ruwa. Idan an gama, rufe idonka ka shafa da tafin hannu. Abin da ido bai gani ba hannu zai ji.

Tun kafin a sa fila, a gwada yoyo ko da ka ce babu, musamman a ƙaramar nan. A toshe baki, a shafa ruwan sabulu, a hura ta tiyon mai da baki. Kumfa ta taso, akwai tsaga.

Bayan an gama gugar fila, sai sanfefa 320, sai firaima, wato fentin ƙasa, shafi biyu ko uku, idan ta bushe a bi da 600 da ruwa. Kada ka karɓi fentin gwangwanin fesawa, fetur na ɗiga a kai zai narke. Ka ce fentin 2K kake so, mai hadna, da kiliyarsa, wato shafin ƙyalli marar launi da ake fesawa a sama, sitika kuma ta shiga ƙarƙashin kiliyar. Mai fesawa ya sa abin rufe hanci na gaske, don wannan hadna tana illa ga huhu, tsumma ba ya tare ta. Idan hunturu ne, a yi feshi da sassafe kafin iska ta taso, a yayyafa wa ƙasa ruwa saboda ƙura.

Cikin tankin ya bushe ƙayau kafin a zuba mai. Ka ba fentin kamar mako guda ya yi ƙwari, kuma idan za ka sha mai wajen 'yan bumburutu, ka sa su yi amfani da mazurari, abin da ya ɗiga ka goge nan take.