Tambayoyinku kan Waya da Kwamfuta: Yadda Za Ka Ji Daɗin Kiɗan Gargajiyar Turai a Wayarka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwanan nan na fara sauraron kiɗan gargajiyar Turai, irin na su Beethoven. Wani wurin sautin yakan yi ƙasa har sai na ƙure ƙara, can kuma sai ya fashe mini a kunne. Wayar ce ta samu matsala ko iyafis ɗin?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Lafiyar wayarka ƙalau, haka ma iyafis ɗinka. Abin da kake ji, haka aka tsara kiɗan tun asali. Yawancin waƙoƙin zamani, kafin a fitar da su sai an matse sautinsu a situdiyo, an ɗaga wurin da ya yi ƙasa, an danne wurin da ya yi sama, don ƙarar ta zama kusan ɗaya daga farko har ƙarshe. Masu ɗaukar wannan kiɗa kuwa sukan bar tazarar yadda take a zauren da aka yi shi. Sarewa ɗaya tana busa ita kaɗai, bayan ɗan lokaci makaɗa tamanin ko fiye su faɗo gaba ɗaya. Wannan tazara ita ce daɗin abin.

Nemi Boléro na Maurice Ravel, mutumin Faransa, wanda aka fara kaɗawa a 1928. Tsawonsa kamar minti 15 ne. Yana farawa da ƙaramar ganga guda, ana taɓa ta a hankali har ka zaci ba a kunna komai ba. Sai sarewa ta shigo, wani abin busa ya karɓa, haka dai ana ƙara kayan kiɗa, gangar nan kuma ba ta sauya bugunta ba, har a kai ƙarshe inda kowa ke kaɗawa da iya ƙarfinsa. Wanda ya saita ƙara a minti na farko, a minti na 14 sai ya fizge iyafis. Dabarar ita ce ka fara tsallakawa zuwa wurin da ya fi ƙara, ka saita yadda kunnenka zai ɗauka ba tare da ka yamutsa fuska ba, sannan ka dawo farko, kada ka sake taɓa maɓallin. Idan farkon ya ɓace maka, hayaniyar wurin da kake ce ta cinye shi. Maganinta wuri mai shiru, ko iyafis mai robar da ke toshe kunne sosai, ko irin wanda ke kashe hayaniyar waje. Ƙure ƙara ba magani ba ne, cuta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar abin da ya dace ga babba shi ne ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako, kuma da zarar ƙarar ta haura haka, awannin sukan ragu da sauri.

Sai ka leƙa saitin manhajarka. Spotify yana da wurin daidaita ƙarar waƙoƙi mai mataki uku. Matakin Loud yana danne kololuwar sauti, don haka ka guje shi, ka zaɓi Quiet ko ka kashe daidaitawar gaba ɗaya. A iPhone sunan abin Sound Check. Amfaninsu ga mai jin waƙoƙi barkatai ne. Wanda zai zauna ya ji kiɗa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba ya bukatarsu.

Tambaya: Ina jin Simfoni na 5 na Beethoven, sai kawai wayar ta tsallaka zuwa wani kiɗa daban, ko kuma ta ɗan yanke a tsakiya. Yaya zan gyara?

Amsa: Manhajojin kiɗa an gina su ne a kan waƙar minti uku zuwa huɗu, kowace tana cin gashin kanta. Simfoni kuwa aiki ɗaya ne da aka raba kashi-kashi, galibi huɗu, manhajar kuma tana ɗaukar kowane kashi a matsayin waƙa dabam. Duba ƙasan allo, za ka ga alamar kibiya biyu da suka gitta juna. Idan tana kunne, ita ke cakuɗa maka jerin, tamkar a ba ka littafi a ce ka fara da babi na uku ka koma na ɗaya. Kashe ta, kuma ka kunna daga cikin kundin kansa, ba daga jerin da wani ya haɗa ba.

Yankewar ita ta fi ba ni takaici. A wannan simfoni, wanda aka fara kaɗawa a Viyana a 1808, babu tsayawa tsakanin kashi na uku da na huɗu. Kiɗan yana lafawa, ganga tana bugawa can ƙasa-ƙasa, gogen suna hawa sannu a hankali, sai ƙahonni su barke da kashi na huɗu. Daidai nan ne aka raba fayil ɗin biyu, kuma shirun daƙiƙa ɗaya ya isa ya rushe duk abin da mawallafin ya gina. A saiti ka kunna Gapless, wanda ke hana shiru tsakanin fayil da fayil, ka kashe Crossfade, wanda ke narka ƙarshen wata waƙa cikin farkon wata. Idan kana amfani da tsarin kyauta mai talla, to talla za ta iya faɗowa a wannan gaɓa, kuma saiti ba ya hana wannan.

Tambaya: Malam, na rubuta sunan kiɗa ɗaya, sai aka jero mini ɗaruruwa. Wanne ne na ainihi?

Amsa: Duk na ainihi ne. Bach da Mozart da Beethoven sun rasu tun kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar sauti, abin da suka bari rubutu ne, kowace ƙungiyar makaɗa kuma tana kaɗa shi da fahimtarta. Shi ya sa wajen nema za ka haɗa sunan mawallafi, da lambar aikin, da sunan makaɗi ko jagoran ƙungiya. Ayyukan Bach suna da lamba mai farawa da BWV, na Mozart da K, na Beethoven da Op. Simfoni na 5 ɗin nan shi ne Op. 67, kuma ni ɗaukar da nake fara nuna wa mutum ita ce ta Carlos Kleiber da makaɗan Vienna Philharmonic ta 1974.

Kana son ka ji yadda hannu ke bambanta? Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada, ya ɗauki Goldberg Variations na Bach sau biyu a situdiyo, a 1955 da 1981. Ta farko ba ta kai minti 40 ba, ta biyu ta haura 50. Mutum ɗaya, rubutu ɗaya, amma ta farko gudu take yi, ta biyu kuma tafiyar dattijo. Idan ka kasa kunne da iyafis mai kyau, za ka ji shi yana rera kiɗan ƙasa-ƙasa da bakinsa yana kaɗawa. Kada ka ce waya ce ta lalace.

Akwai manhajojin da aka yi musamman don irin wannan nema: Idagio, da Apple Music Classical da ya fito a 2023, wanda kuma akwai shi a Android.

Tambaya: An ce sai na sauke fayil ɗin FLAC zan ji sauti na gaske. Ya cancanci datar da zai ci?

Amsa: FLAC yana riƙe sautin faifan CD ba tare da zubar da komai ba, MP3 da AAC kuwa suna zubar da abin da kunne ba ya cika lura da shi. Awa ɗaya ta MP3 ko AAC a matakin kilobit 320 a daƙiƙa tana cin megabayit 144, FLAC yakan ci ninki biyu ko fiye. To amma in da Bluetooth kake ji, wayar tana sake matse sautin kafin ta tura shi kunnenka. iPhone da AAC yake turawa, ko LDAC, tsarin tura sauti ta Bluetooth na Sony, ma iyakarsa kilobit 990, alhali CD 1,411 ne. Ke nan ka biya data, ribar ba ta iso gare ka duka ba. Ra'ayina, matakin 256 ko 320 ya wadatar da yawancin kunnuwa. Ka sauke kundin lokacin da kake kan Wi-Fi don kada intanet ya yanke maka a tsakiya. Idan har kana son FLAC, to ka haɗa shi da iyafis mai igiya, in wayarka ba ta da ramin sa shi ka nemi ɗan mahaɗin nan na USB-C mai juya sauti a cikinsa.