Tayoyi huɗu sun juya a sama, ai ba shi ne fo-wil ba

Ɗana, ka ce ka ɗaga Porsche ɗin nan ta Alhaji a kan lif, ka tayar, ka sa giya, ka ga tayoyi huɗu suna juyawa, kana tambaya ko wannan ya isa a ce masa aksil ɗin gaba lafiya lau. Bai isa ba. Tayar da ke lilo a iska babu nauyin komai a kanta, ɗan jan da bai taka kara ya karya ba ma zai juya ta.

Fara da sanin motar da ke gabanka. Wannan 911 Carrera 4 ce, fo-wil, wato mai ja da tayoyi huɗu, ƙirar 996 da Jamusawa suka fara fitarwa a 1998. Injinta a baya yake, kuma tayoyin baya ne ke ɗauke da aikin. Daga giyabos doguwar farfela, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi, ta taho gaba, amma ba kai tsaye ta shiga haƙoran aksil ba. A tsakaninsu akwai wani gwangwani rufaffe, cike da siraran faifai a jere da man silikon mai kauri. Rabin faifan na bin farfela, rabi na bin tayoyin gaba. In gaba da baya suna tafiya daidai, ɗan ƙarfi kaɗan ke wucewa, kamar kashi 5 cikin 100. Da baya ta fara sulɓi sai faifan su riƙa yanka man, shi kuma ya riƙe su, ƙarfin da ke zuwa gaba ya hau har kusan kashi 40. Babu waya, babu kwamfuta a ciki, shi ya sa na'urar binciken laifin mota da kake so ka jona ba za ta faɗa maka komai a kansa ba.

To, abu biyu za ka gwada, kada ka haɗa su. Na farko mai sauƙi ne. Ɗaga tayoyin gaba duka biyu, ka juya ɗaya da hannu, ɗayar za ta juya baya-baya. In sun tafi sumul, ba ƙugi ba cijewa, ƙananan haƙoran ciki suna nan lafiya. Iyakar abin da ya nuna maka ke nan.

Na biyun shi ne aikin. Sauke motar ƙasa, kashe inji, sa giya a firi, ja birkin hannu sosai, ka sa wa tayoyin baya waigi. Sai ka ɗaga tayar gaba guda ɗaya tak da jak, ɗayar na ƙasa. Yanzu farfela ta kafe tunda baya a riƙe take, don haka duk juyin da ka yi wa tayar nan a cikin gwangwanin zai ƙare. Kama ta da hannu biyu ka tura a hankali, kada ka fizga. Lafiyayye zai bari ta tafi, amma da nauyi, kamar kana tuƙa tuwon da ya fara kauri. Ka ƙara sauri, ka ji ya ƙara yi maka gardama. Ka sassauta, ya sassauta. Wannan gardamar nake so hannunka ya haddace. In tayar ta wulwula kamar ta keke, ƙarfi ba ya isowa gaba. In kuma ta ƙi motsi ƙememe ko da ka sa dogon sifana, faifan sun cije, kuma irin wannan motar za ka ji tana turjewa, tayoyi na gurzar ƙasa, in an karya sitiyari gaba ɗaya ana juyawa a hankali. Amma kafin ka yanke hukunci, tabbatar ba birkin tayar ne ya kama ba.

In ta wulwula, kada ka yi saurin cewa gwangwani ya mutu. Kwance murfin ƙasa ka leƙa da tocila. Na taɓa ɓata rabin yini a kan wata 'yar Kwatano ina neman laifin aksil, ashe tun can waje mai ita ya cire farfelar don ta koma mai jan baya zalla. Tambarin lamba 4 na nan a bayanta yana ƙyalli, mai saye ya biya kuɗin fo-wil.

Sai man aksil ɗin gaba. Kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, don kada ka zubar da mai ka tarar na saman ya ƙi kwantuwa. Tara shi a farar roba ka duba a rana. Ɗan laushin baƙi kamar kwalli ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfen da yatsa ke ji shi ne matsala. Man giya 75W-90 ake mayar mata. Kukan da ke canzawa in ka taka totur ko ka saki, na aksil ne. Wanda ke canzawa in ka karkata sitiyari hagu ko dama, boris ɗin taya ne.

Duba tayoyinta kuma. Sabuwa a gaba, suɗaɗɗiya a baya, ko lambar da ba tata ba, sai gwangwanin ya ɗauka kullum sulɓi ake yi, ya yi ta aiki har ya dahu. Haka in aka ja ta tayoyi biyu a sama, biyu a ƙasa. Irin wannan a bayan babbar mota ake ɗora ta dungurungum.

Gwajin hannun nan na masu gwangwani ne kawai. Carrera 4 da aka yi daga 2008, da Nissan GT-R, kuloci ne da kwamfuta ke matsewa. Inji a kashe tayar za ta juya da sauƙi alhali lafiyarsu ƙalau. Ɗauko jak da waigi, ka kira ni in ka ɗaga ta, ni ma zan taɓa in ji.