Wai gwamnati ta taɓa damuwa da motsa jiki kuwa?

Tambaya: Malam barka da war haka. Gardama ce ta kaure a majalisarmu, wani abokina ya ce gwamnatin Najeriya ba ta taɓa damuwa da motsa jiki ba, ni kuma na ce ba haka ba ne. Don Allah a raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa ai kai da abokin naka kowa da gaskiyarsa. Tun zamanin Turawa akwai Empire Day, duk 24 ga Mayu a kwashi 'yan makaranta a kai fili su yi fareti da tsere, amma gwamnati ba ta shigo da ƙarfinta ba sai bayan yaƙin basasa. Gowon ya kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a 1971, aka gina babban filin Surulere a Legas, a 1973 aka yi gasar wasannin Afirka a can kuma a shekarar dai aka fara bikin wasanni na ƙasa, manufar ita ce matasan da jiya-jiyan nan suke harbin juna su haɗu a fili ɗaya. Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977 da 2009, Bauchi a 1991 da 2000, har dambe da kokawa da langa an sa a ciki.

To amma fa nan abokinka ya kama ka. Duk wannan hidima ta neman zakaru ce da lambar zinare, ba wai don magidanci mai hawan jini ya samu inda zai taka da asuba ba. Shi kansa bikin da aka ce duk shekara biyu, daga na Legas a 2012 sai da aka kai 2018 kafin a sake yi a Abuja. Hukumar kuwa an rushe ta a 2015, sai 2024 aka dawo da ita aka ba Shehu Dikko.

Ni na koyar da motsa jiki a sakandare shekaru da yawa, ƙwallo ɗaya gare mu duk ta sha faci, darasina kuma shi ake fara yankewa in jarabawa ta matso. Bara na bi ta makarantar, rabin filin da muke tsere an jera shaguna a kai.